Daga Walki Zuwa Farar Rigar Leda: Tarihin Tufar Aiki a Barkin Sale

Barkin Sale unguwa ce ta masu cin guminsu a birnin Minna. Akwai kanikawa da masu walda, akwai masu buga bulo da masu fenti, akwai masu cajin batir, akwai kuma manoman da ke kwana a gari su wuni a gona da injin feshi goye a baya. A 'yan shekarun nan wata tufa ta fara shigowa hannun irin waɗannan mutane: farar riga mai haɗe da wando da hula, mai zif daga wuya zuwa mara, marar nauyi, wadda aka yi ta don a sa sau ɗaya a jefar. Mai neman saye yakan tambayi abu biyu, ƙwarinta da kuɗinta. Tarihin tufar aiki a wannan yanki yana nuna cewa akwai tambayar da ta riga waɗannan biyun muhimmanci, wato a ina za a tuɓe rigar, kuma ina za ta bayan an tuɓe ta. Hujjar wannan rubutu ke nan: tun daga zamanin walki har zuwa yau, babban amfanin tufar aiki shi ne ta tsaya a wurin aiki tare da dattin da ta kwasa, kuma duk lokacin da wannan iyaka ta rushe, iyalin ma'aikaci ne suka fara biyan kuɗin.

Kafin zuwan Turawa masu sana'a a ƙasar Hausa da ta Nupe da ta Gwari sun san illar sana'arsu, sun kuma tanadar mata. Maƙeri yana ɗaura walki na fata, domin tartsatsin wuta yana cin saƙi nan take amma ba ya huda jemammiyar fata da sauƙi. In ya tashi aiki, walkin yana nan rataye a maƙera kusa da zugazugi da uwar maƙera, ba a shiga da shi ɗakin mata. Marina sun haƙa karofinsu a fili ɗaya a gefen unguwa, kamar yadda ake gani har yau a Ƙofar Mata a Kano. Majema sun ware wurinsu saboda wari da ruwan jima, mahauta suna da kwata, masu narka gilashi na Masaga a Bida suna da ɗakunan wutarsu. Ko sana'ar da ake yi a gida, ginin gargajiya ya yanka mata iyaka: zaure na aiki da baƙi, cikin gida na iyali, tsakaninsu da shigifa da katanga. Ba wanda ya zauna ya rubuta wannan tsari da sunan kiwon lafiya, amma aikin da ya yi ke nan. Datti yana da mazauninsa, yara suna da nasu, kuma mutum yakan canza tufa ya wanke jiki kafin ya ƙetara daga wancan zuwa wannan.

Addini ya ƙarfafa wannan ɗabi'a. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa tsarkin tufa yana cikin sharuɗɗan salla, kuma malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a kan mutumin da aikinsa ba ya barin tufarsa ta zauna da tsarki. A Muhtasar na Shaihu Halil an yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ke taɓa tufarta daga jariri in ta yi iya ƙoƙarinta, aka kuma so ta ware wata tufa domin salla, sannan masu sharhi suka haɗa mahauci da mai yasar masai a cikin wannan hukunci. Ke nan raba tufar aiki da tufar zama cikin mutane abu ne da almajiran ilmi suka daɗe suna karantawa a zaurukan ƙasar nan. Wanda yake ganin maganar kayan kariya baƙuwa ce da ta zo tare da ƙungiyoyin agaji, ya manta cewa kakansa yana da rigar gona da rigar masallaci, kuma bai taɓa yarda su haɗu a igiya ɗaya ba.

Jirgin ƙasa ne ya mai da Minna gari, shi ne kuma ya kawo sabuwar tufar aiki. A zamanin Gwamna Percy Girouard aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, tafiyar mil 356, layin ya isa Kano a 1911. Ba a jima ba layin Legas da ya biyo ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗe da shi a Minna, sai ƙauyen Gwarawan da ke kan dutse ya zama mahaɗar jirage, da tasha, da wurin gyaran injuna. Injunan lokacin kwal suke ci, kuma a Ingila an riga an ƙirƙiro wa masu shiga cikin tukunyar inji su kankare toka riga mai haɗe da wando, don kada baƙin ƙura ya sami ƙofa ta ƙugu, kada kuma bakin riga ya maƙale a ƙarfe. Wannan ɗinki shi ne kakan farar rigar da ake sayarwa yau. Sai dai yadda ta shigo ya bar tabo. Dubban Nupawa da Gwarawa da Hausawa da aka tattaro ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu bisa tilas, su suka sare daji suka ɗauki ƙasa a ka, kuma da tufafin jikinsu suka yi wannan aiki. Rigar aiki ta zama ta ma'aikacin da sunansa ke cikin littafin albashi. Tun daga nan talaka ya ɗauke ta a matsayin alamar aikin gwamnati ko na kamfani, maimakon abin da duk mai taɓa datti ke bukata.

Doka ma ta bi wannan sawu. A shekarun 1930 an yi rububin haƙar zinariya a kewayen Minna da sauran sassan lardin Neja, lebura suka cika ramuka da bakin rafuka, kafin yaƙin duniya na biyu ya durƙusar da harkar. Dokar masana'antu ta farko mai faɗi ta zo a 1955, gwamnatin soja ta sabunta ta a 1987, kuma ita ce ke aiki har yanzu. Ta wajabta wa mai masana'anta ya ba ma'aikaci tufar kariya in aikin ya haɗa da jiƙa ko abu mai cutarwa, ya tanadi wurin wanka, ya kuma tanadi wurin ajiye tufafin da ba a aiki da su. A 1994 Nijeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan lafiyar ma'aikata, a 2010 kuma aka yi dokar biyan diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo a bakin aiki. Duk waɗannan dokoki da ubangida mai ofis da rajista suke magana. Mai fentin da ake kira ya yi ɗaki biyu a biya shi, da manomin da ke fesa gonarsa, da yaron da ke koyon kanikanci a ƙarƙashin bishiya, ba su da wanda za su bi bashin riga. Mafi yawan masu aikin hannu a Barkin Sale a wannan rukuni suke.

Rushewar tsohuwar iyaka ta zo ne tare da bunƙasar gari. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birninta. Aka shiga gina sakatariya da gidajen ma'aikata, Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta zo a 1983, madatsar Shiroro ta fara ba da wuta a 1990, gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991. Masu neman aiki suka kwararo, unguwanni irin su Barkin Sale da Kpakungu da Sauka-ka-huta suka cika da gidajen haya, ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Gidan haya ba shi da zaure, don haka shago ya dawo bakin ƙofa. Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, yadi ya yi tsada, masaƙun Kaduna suka yi ta ja da baya har manyansu suka rufe a shekarun 2000, gwanjo ya mamaye kasuwa. Tufar aiki ta koma duk wata tsohuwar riga da ta gaji da zuwa biki. Da ita ake aiki, da ita ake hawa acaɓa ko Keke Napep a koma gida, da ita ake ɗaukar yaron da ya rugo oyoyo, sannan uwargida ta jiƙa ta a baho ɗaya da zanen goyo.

Abin da ya sa wannan sauyi ya zama haɗari shi ne dattin ma ya canza. Toka da laka da baba da jinin yanka abubuwa ne da ido ke gani, hanci ke ji, ruwa da sabulu ke fitarwa. Abubuwan da zamani ya kawo ba haka suke ba. Baƙin mai yana ɗauke da sinadaran da ke cutar da fata in an daɗe ana cuɗanya da shi. Batirin mota cike yake da dalma da ruwan batir mai ƙuna. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata a hankali. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, in aka goge shi sai ya zama ƙura. Tsofaffin silin da rufin asbesto da aka yi wa gine-gine da yawa a shekarun 1970 da 1980 suna sakin zare mai laushi in an fasa su, wanda ke maƙalewa a huhu ya yi shekaru kafin ciwo ya bayyana. Magungunan ciyawa da na ƙwari da yawa suna ratsa fata kai tsaye, musamman a bayan mai feshi inda tanki ke yoyo kuma gumi ya jiƙa riga. Mutum zai iya kaɗe rigarsa ya ga ta yi fes, alhali tana ɗauke da abin da zai kwantar da ɗan shekara biyu.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga gaskiyar wannan. A farkon 2010 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Bincike ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa, kuma yara sama da 400 suka rasu. A 2015 abin ya auku a Jihar Neja kanta, a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi, a Unguwar Magiro da Unguwar Kawo, inda hukumomin lafiya suka sanar da mutuwar yara 28. Waɗanda suka mutu ba su ne ke shiga rami ba. Ƙurar ce ta same su a gida, ta hanyar duwatsun da ake kawowa tsakar gida a daka, da kuma ta jiki da tufafin iyaye da 'yan'uwa masu dawowa daga wurin haƙa. Yaro yana rarrafe a ƙasa, yana kai hannu baki, kuma hanjinsa yana tsotse dalma fiye da na babba nesa ba kusa ba. Wanda ya tsira ma yakan tashi da raunin ƙwaƙwalwa da ba ya warkewa.

Abin da aka yi a Shikira bayan haka ya fi kowane wa'azi ƙarfi. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje a 2016, aka yi wa yara magani, sannan MSF da wata ƙungiyar kula da lafiyar ma'aikata mai suna OK International suka yi aiki tare da mahaƙan a kan hanyar da ta fi aminci. An mai da niƙa wajen gari, an sa wa injuna feshin ruwa don ƙura ta kwanta, an tanadi wurin wanka da canza kaya don tufar aiki ta kwana a wurin aiki. Da aka sake auna jinin mahaƙan da suka shiga shirin, dalmar da ke cikinsa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Turawa ma da gawa suka koyi wannan darasi. A 1965 wasu masu bincike biyu a Landan, Muriel Newhouse da Hilda Thompson, sun gano cewa cikin masu fama da wani mugun ciwon daji na fatar huhu akwai matan da ba su taɓa aiki a masana'antar asbesto ba, iyaka suna zaune da ma'aikatan suna wanke musu kaya. Daga Landan zuwa Rafi hanyar cutar ɗaya ce: riga ta bi mai ita zuwa gida.

A nan ne rigar sa-ka-yar ta sami gurbinta a tarihi. A 1955 wani mai bincike a kamfanin DuPont na Amurka ya lura da wani farin zare na roba da ke fita daga bututu a ɗakin gwaji, daga nan aka samar da abin da aka fara sayarwa a 1967 da sunan Tyvek, shimfiɗa mai kama da takarda wadda ƙura ba ta ratsa ta cikin sauƙi. Wasu kamfanoni suka biyo baya da nasu ire-iren. 'Yan Nijeriya sun fara ganin rigar da ake yi da irin wannan shimfiɗa sosai a Fabrairun 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a gonar Sambawa da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, jami'ai sanye da fararen kaya suna kashe kaji suna binnewa. Suka sake ganin ta a 2014 da cutar Ebola ta shigo Legas, ta kama mutum 20 a faɗin ƙasar ta kashe 8, ciki har da Dakta Ameyo Stella Adadevoh, sannan a 2020 lokacin Korona. Ebola ta koya wa ma'aikatan lafiya cewa lokacin tuɓe rigar ya fi lokacin sa ta haɗari, har aka riƙa tsayar da mutum guda aikinsa kawai ya sa ido a kan mai tuɓewa. Hikimar wannan riga ke nan: ta ɗauke wanki daga hannun iyali gaba ɗaya, domin abin da aka naɗe aka jefar a wurin aiki ba shi da hanyar isa baho.

Wanda ya fahimci haka, zaɓe zai zo masa da sauƙi, domin aikin ne ke faɗin rigar. Riguna masu inganci suna ɗauke da lamba a jikin ledarsu bisa ma'aunin Turai. Lamba 5 ta ƙura ce busasshiya, irin ta goge tsohon fenti, ko sauke silin, ko share rumbu da sito da ɓeraye suka ɓata, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da zazzaɓin Lassa ke yawo. Lamba 6 ta 'yar fantsama ce marar yawa, irin ta fenti, kuma sau da yawa riga ɗaya takan ɗauki 5 da 6 tare. Lamba 4 ta feshin da ke jiƙa jiki ce, an rufe ɗinkinta da tef, ita ta dace da mai goyon injin feshi a doguwar ciyawa. Lamba 3 ta ruwan sinadari mai ƙarfi ce da ke zuwa da matsi. Rigar da ba ta da lamba ko kaɗan, mai shara-shara da ake hango hannu ta cikinta, iyakarta kare tufa daga datti. A sayi wadda ta ɗan fi jiki girma, domin matsattsiya takan yage a hammata ko a tsakanin ƙafafu da zarar an tsuguna. A duba roba a wuyan hannu da idon sawu, da marfin da ke rufe zif. Ƙafar wando ta sauko a kan takalmin roba don kada ruwa ya gangara ciki. Riga ba ta kare huhu, don haka takunkumin da ya dace da aikin da safar hannu da tabarau abokan tafiyarta ne. Abu ɗaya kuma ba ya karɓar sassauci: wannan riga roba ce, tana narkewa ta manne a fata in ta ji wuta. Mai walda da maƙeri da mai yankan ƙarfe su nisance ta, nasu shi ne auduga mai kauri da walkin fata, wanda har yau ba a sami abin da ya ture shi a gaban tartsatsi ba.

Ƙorafi na farko da ake yi a kan wannan riga shi ne kuɗi, kuma ƙorafi ne na gaskiya. Leburan da abin da ya samu yau shi ne cefanen gobe ba zai sayi riga kullum ya jefar ba, kuma wanda ya ce ya yi haka bai san rayuwar Barkin Sale ba. Amsar ita ce ayyuka kashi biyu ne. Aikin yau da gobe, irin na bakanike da mai bulo, maganinsa rigar auduga mai haɗe da wando guda biyu, tela na unguwa zai ɗinka, a sa ɗaya a wanke ɗaya, a bokitin da ba ya shiga gida. Rigar sa-ka-yar ta aikin da ke zuwa jefi-jefi ce kuma dattinsa ya fi ƙarfin wanki: sauke tsohon rufin asbesto, yasar masai, kwashe matattun kaji, feshin magani mai ƙarfi, kankare fentin tsohon gini. A irin wannan aiki kuɗin riga ya kamata ya shiga cikin jinga, kamar yadda kuɗin buroshi da tina ke shiga. Mai gidan da ya iya sayen bokitin fenti zai iya ƙara kuɗin riga ɗaya, kuma mai aikin da ya faɗi haka tun wurin ciniki bai yi roƙo ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa har lafiya ba ta yi, domin jinyar yaro ɗaya a asibiti ta ninka kuɗin riguna masu yawa.

Ƙorafi na biyu zafi ne. A watannin Maris da Afrilu zafin Minna yakan kusanci digiri 40, kuma mutumin da ya shiga cikin rigar roba da tsakar rana zai iya jigata har ya faɗi. A cibiyoyin jinyar Ebola na Afirka ta Yamma ma'aikata ba sa wuce kimanin awa guda a cikin cikakkun kayan kariya saboda wannan dalili. Ke nan zafi haɗari ne na kansa, kuma rigar da ta fi toshe ruwa ita ta fi toshe iska. Wannan ya sa sayen mai lamba mafi ƙarfi ga kowane aiki kuskure ne: mai goge bango da ya sa rigar sinadari zai buɗe zif bayan ɗan lokaci, daga nan kariya ta ƙare. Ga aikin ƙura akwai mai saƙa uku da ke barin iska ta ɗan ratsa, ita ta fi dacewa. Sauran kuma tsarin lokaci ne, wanda manoma suka riga suka sani: a fara da sanyin safiya, a dakata in rana ta take, a koma bayan la'asar, a sha ruwa kafin ƙishi ya zo, amma sai an wanke hannu da fuska. Feshin gona ma da safe ya fi kyau, lokacin da iska ba ta tashi ba.

Ƙorafi na uku shara ce. Garin da ledar ruwa ta riga ta toshe masa magudanai, har damina ke shiga gidaje, bai bukaci ƙarin roba ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni: a wurin da ba a saba jefar da abu mai sauran amfani ba, rigar da aka yar za ta iya komawa hannun 'yan bola-jari, ta zama rigar ruwan ɗan acaɓa ko shimfiɗar shanya barkono. Rigar da ta sha guba aka sake sa ta, ta fi tsohuwar riga illa, domin mai ita yana jin a kare yake. Wannan ƙorafi bai rushe hujjar ba, ya ƙara nuna cewa ƙarshen rigar yana cikin zaɓenta. A tuɓe ta daga kafaɗa ana naɗe ta ciki ya koma waje, ba tare da kaɗewa ba, a yanka ta da almakashi don kada wani ya ɗauka, a ƙulle ta a leda mai kauri, kada a ƙone ta kusa da gidaje. Taƙaita ta ga ayyukan da suka wajaba shi ne zai rage yawanta. Hukumar kare muhalli ta jiha, NISEPA, da masu sayar da maganin feshi suna da rawar takawa wajen samar da inda za a riƙa mai da irin wannan shara tare da kwalaben magani.

Akwai mai cewa duk wannan magana kame-kame ce, tunda riga ba ta taɓa hana rami ruftawa ba, kamar yadda ya rufta da mahaƙa a Galadima Kogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a Yunin 2024. Gaskiya ne, kuma masana lafiyar ma'aikata da kansu suna sa tufa a matakin ƙarshe. Abin da ya fi shi ne a kawar da haɗarin tun daga tushe: a jiƙa bango kafin a goge, a sauke asbesto ɗungurungum ba tare da fasawa ba, a gyara tankin da ke yoyo, a zaɓi magani mai sauƙin guba, a kori yara daga wurin. A Shikira ma feshin ruwa ne ya yi babban aiki wajen kwantar da ƙura. Amma bayan an yi duk wannan akwai ragowar da ke sauka a jiki, kuma ita ce kaɗai ke da ƙafar zuwa gida. Mai cewa iyayenmu sun yi aiki ba su sa komai ba kuma sun tsufa, ya yi kuskure biyu: iyayen sun sa walki sun ware tufar gona, kuma ba su taɓa goya maganin ciyawa irin paraquat a baya ko narka dalmar batir a ƙofar ɗaki ba. Dogaro ga Allah bai hana su ɗaura fata a gaban wuta ba.

Abin da tarihin nan ke nema daga Barkin Sale bai fi ƙarfin unguwa ba, kuma ba ya jiran sabuwar doka. Kowane gareji da kowace ma'aikatar bulo za ta iya ware lungu ɗaya da zana ko kwano, da ƙusa biyu, da bokiti da sabulu, inda za a tuɓe kayan aiki a sa na gida. Ƙungiyoyin masu sana'a, irin ta kanikawa ta NATA da ta masu fenti da ta manoma, suna iya sayen rigunan da kwali su raba wa mambobi a kan farashin sari, su kuma sa kuɗin riga cikin ƙa'idar jinga don kada wani ya karya wa wani ciniki da lafiyarsa. Nauyi mafi girma yana kan ubangidan shago, domin yaron da aka kawo masa amana zai ɗauki duk abin da ya ga ana yi, ya tafi da shi nasa shagon bayan an yaye shi. Koya masa ɗaure noti rabin sana'a ne. Sauran rabin shi ne ya san abin da ke cikin dattin da yake taɓawa, ya san tufar da ta dace da shi, ya kuma saba da barin ta a inda aikin ya ƙare. Ubangidan da ya yaye yaro bai koya masa wannan ba ya sallame shi da ilmin da zai ciyar da iyalinsa, tare da ɗabi'ar da za ta iya cutar da su.